Giɗaɗo ɗan Laima

Giɗaɗo ɗan Laima, wanda sunansa na yanka Usmanu ɗan Abubakar (an haife shi wajen shekarar 1776, ya rasu a shekarar 1851), malami ne, marubuci, kuma Wazirin Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ɗan'uwansa Abubakar Atiku. Ya riƙe wannan sarauta daga 1817 zuwa wajen 1842. Shi ne mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma daga gare shi zuriyar Giɗaɗawa ta fito, wadda ta riƙa gadon sarautar Waziri, har unguwar da gidansa yake a cikin birnin Sakkwato ta ci sunanta. A wajen ƙasar Hausa an fi saninsa da cewa shi ne mai masaukin Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya sauka a gidansa sau biyu, a 1824 da kuma 1826 zuwa 1827, ya kuma mutu a can. Abin da Clapperton da baransa Richard Lander suka rubuta yana daga cikin bayanai mafi faɗi da ake da su a kan yadda ake saukar da baƙo a babban birnin daular, da yadda ake yi da shi idan ya kawo kuka.

Suna

Giɗaɗo kalmar Fulatanci ce mai ma'anar ƙaunatacce. Ta fito daga tushen aikatau yiɗ-, wato so ko ƙauna, kuma sauyin baƙin farko daga y zuwa g abu ne sananne a nahawun Fulatanci, shi ya sa ake kiran aboki giɗo. Clapperton bai gane cewa laƙabi ne na mutum ɗaya ba. Ya ɗauka sunan sarauta ne, don haka ko'ina a littafinsa yake rubuta Gadado a inda Bahaushe zai ce Waziri. Sunan yankan kuwa ya rubuta shi Simnou Bona Lima, wanda ba kome ba ne illa Usmanu bin Laima yadda kunnen baƙo ya ji shi. Mai karanta littattafan matafiyan Turawa na ƙarni na 19 zai ci karo da irin wannan sau da yawa, domin Sakkwato ma Sackatoo suka rubuta ta.

Jihadi da hawan sarauta

Giɗaɗo ya taso cikin jama'ar Shehu, kuma tun yana saurayi ya zama aminin Muhammadu Bello, wanda ya girma da 'yan shekaru kaɗan. Yana cikin jama'ar a shekarun da suka biyo bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808 da kafa Sakkwato a 1809. Ya auri Nana Asma'u wajen 1807. Aikin da aka fi saninsa da shi a wannan lokaci shi ne manzanci, wato kai saƙo da karɓo amsa tsakanin shugabannin jihadi da masu tuta na ƙasashen gabas. Da Shehu ya raba kula da daula a 1812, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Bello gabas, sai wannan aiki na Giɗaɗo ya ƙara nauyi.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Jama'ar birnin suka yi wa Bello mubaya'a, kuma Giɗaɗo yana cikin manyan da suka tsaya a kan haka. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda shi ne wazirin Shehu, ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofofin gari, sai ya juya. Ba a shirya tsakanin baffa da ɗa ba sai bayan 'yan shekaru a yaƙin Kalambaina. Daga 1817 Giɗaɗo ne Wazirin Bello.

Ƙofa da masauki

A tsarin mulkin daular, kalmar ƙofa tana da ma'ana biyu. Akwai ƙofar ganuwa, irin su Ƙofar Taramniya, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo, waɗanda sunayensu suka wanzu a matsayin unguwanni ko da ganuwar ta rushe. Akwai kuma ƙofa ta mutum: basaraken da ake bi ta hannunsa kafin a isa ga Sarkin Musulmi. Kowace masarauta tana da nata ƙofar a Sakkwato, kuma Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da yawancin masarautun gabas. Manzo ko basaraken da ya taso daga can, wajen ƙofarsa yake nufa. Ita ke nema masa wurin kwana, ta ciyar da shi da mutanensa da dawakinsa, ta yi masa iso, ta kuma isar da kukansa idan yana da shi.

Ba a san otal a ƙasar Hausa ta wancan zamani ba, amma an san sana'ar saukar baƙi. Fatake kan sauka a zango a bayan gari, ko a gidan fatoma, wanda ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya nemo masu saye, ya karɓi la'ada. Kalmar fatoma aro ce daga Barbarci, inda fato ke nufin gida, don haka ma'anarta mai gida. Baƙon sarki kuwa ba ya biyan kuɗin ɗaki. Kyauta yake kawowa, a mayar masa da kyauta, kuma duk abin da ya same shi a masauki, sunan mai gida da na sarki yake taɓawa. Wannan ne ya sa matsayin mai masaukin ya fi na fatoma wuya. Fatoma yana yi wa baƙonsa aiki ne. Waziri kuwa yana yi wa baƙo hidima alhali shi bawan sarki ne, kuma wani ɓangare na hidimar shi ne sa ido a kan baƙon. Hausa ma ba ta raba su ba: kalma ɗaya, baƙo, ita ce ta wanda aka karrama da ta wanda ba a sani ba.

Clapperton ya bar bayanin birnin kamar yadda ya gan shi a 1824. Ya ce bai ga gari mai yawan jama'a kamarsa ba a tsakiyar Afirka, gidajensa a jere bisa tituna, ganuwarsa ta kai tsayin ƙafa 20 zuwa 30, da ƙofofi 12 da ake rufewa da faɗuwar rana. Gidajen manya kuwa an kewaye su da doguwar katanga, a ciki akwai ɗakuna masu jinka da soraye, kuma indararon soraye na gasasshen yumɓu sun yi masa kama da jerin bakunan igwa.

Baƙuncin 1824

Clapperton hafsan sojan ruwa ne, haifaffen Sikotilan a 1788. Ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus tare da Dixon Denham da Walter Oudney, suka isa Kukawa ta Borno a Fabrairun 1823. Oudney ya mutu a hanya kusa da Katagum a Janairun 1824, Clapperton ya wuce Kano, daga nan ya nufi Sakkwato da sunan tafiya Abdullahi. Bello ya aika mahaya 150 su tarye shi da tambura da kakaki, ya shiga birnin ranar 16 ga Maris 1824. Kai tsaye aka wuce da shi gidan Waziri, inda aka riga aka keɓe ɗakuna dominsa da barorinsa, aka kawo masa madara mai yawa, aka bar shi ya huta.

Mai gidan ba ya nan sa'ad da baƙon ya iso. Ya dawo wajen tsakar dare, kuma bai jira gari ya waye ba, ya je gaishe shi. Clapperton ya miƙa masa shayi, Giɗaɗo ya ƙi sha, ya ba da dalili cewa baƙon bai riga ya ci abincin gidansa ba. Baturen ya rubuta wannan a matsayin abin mamaki, amma duk wanda ya san al'adar ya san cewa mai gida ba ya fara cin na baƙo. A daren ne ya sanar da shi cewa Sarkin Musulmi zai gan shi da safe, ya kuma kwantar masa da hankali game da irin tarbar da zai samu. Da Larabci suka yi magana, kuma Clapperton ya yaba da iyawarsa.

Abinci daga gidan Bello ake kawo wa baƙon kullum, a cikin akusan ƙarfen kuza masu hatimin Landan. Wata rana har aka kawo masa nama a cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila. A idon Bature wannan abin dariya ne, tunda a ƙasarsu ba a zuba abinci a irin wannan mazubi. A idon masu gida kuwa an zaɓo masa kwano ne mai tsada da kyan gani don a girmama shi. Labarin tasar ya kuma nuna wani abu da ya fi damun Clapperton: kayan Ingila suna isowa Sakkwato daga bakin teku ta hanyar Nufe, wato akwai hanyar kudu, wadda ita ce ya zo nema.

Masaukin ba wuri ne da mutum zai rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai ba. Masu zuwa kallo da masu zuwa gaisuwa ba sa yankewa. Wata rana yana zaune a inuwa a ƙofar ɗakinsa tare da Sidi Shaihu, wani malamin fadar Bello, sai wani mutum ya zo ya tsaya a gabansa. Da ya tambaya aka ce masa hauni ne, nan take ya umarci barorinsa su fitar da shi. Sidi Shaihu ya ba shi haƙuri, ya bayyana masa cewa mutumin yana ziyartar manyan gari, kuma ba mai sallamarsa ba tare da goro ko kuɗin goro ba. Clapperton ya sa aka ba shi wuri 40, da sharaɗin kada ya sake taka masa ƙofa. An biya wa baƙo bukatarsa, hauni kuma bai tafi da wulaƙanci ba.

Babban kukan Clapperton a wannan zuwa bai shafi ɗaki ko abinci ba. So yake a bar shi ya tafi Yawuri da Nufe ya ga Kogin Kwara, inda Mungo Park ya halaka a Busa kusan shekara 18 kafin nan. Bello ya fara nuna yarda, daga baya maganar ta sauya: hanya ba lafiya, ƙasashen suna cikin yaƙi, damina kuma ta kusa. Clapperton ya zargi fataken Larabawa da ke birnin da yi masa zagon ƙasa don tsoron kada cinikin teku ya kashe na Sahara. Mai yiwuwa akwai gaskiya a zargin, amma rashin tsaron ma gaskiya ne, kuma sarkin da baƙonsa ya mutu a hanyar da shi ya sallame shi ya bi, shi za a tambaya. Giɗaɗo ne ke tsakiya a wannan kai da komo, yana kai bukata, yana dawowa da amsar da baƙo ba ya so. Duk da haka ba su ɓata ba. A cikin waɗannan makonni ne wani ɗan Giɗaɗo, wanda ya haifa da 'yar'uwar Bello, ya rasu da ciwon agana, Clapperton ya je ya yi masa ta'aziyya.

Ya kuma ga masallacin da Giɗaɗo ke ginawa da dukiyarsa, ya yi hira da babban maginin, mutumin Zazzau, wanda ya ce mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya bar masa takardun fasalin gini. Bello ya mayar wa Clapperton da littattafan Denham da suka ɓace a wani hari a ƙasar Mandara, ya ba shi taswira da wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, wadda ta ƙunshi maganar ciniki, da aiko da jakada da likita, da hana fitar da bayi ta teku. Clapperton ya bar Sakkwato ranar 4 ga Mayu 1824 da rakiya, yana yabon mai masaukinsa. An buga labarin tafiyar a Landan a 1826.

Baƙuncin 1826 zuwa 1827

Zuwa na biyu ta kudu aka yi shi. Clapperton ya tashi daga Badagiri a Disambar 1825, ya bi ta Oyo da Busa, ya isa Kano a Yulin 1826, bayan abokan tafiyarsa Turawa sun mutu a hanya, sai baransa Lander kaɗai. Tare da su akwai wani Bahaushe mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, tsohon ma'aikacin jirgin ruwan Birtaniya da aka ɗauka tafinta. Clapperton ya bar Lander da kaya a Kano ya nufi Sakkwato, sai ya haɗu da Giɗaɗo a hanya yana zuwa Kano. Ya komo tare da shi, sannan suka tashi tare a ƙarshen damina.

A wannan tafiya ce aka sace masa littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum, tare da kayan rubutu da tabarau. Ya kai ƙara wajen Waziri, amma ba a samo kayan ba, shi ya sa akwai giɓi na makonni a littafinsa na biyu. Satar kayan baƙo a cikin ayarin Waziri abin kunya ne ga mai masauki, kuma ita ce farkon jerin koke-koken da suka cika wannan zuwa. Sun iske Bello da rundunarsa a bakin Ƙonya, inda Gobirawa suka kafa sansani, Clapperton ya kalli harin da aka kai wa garin a tsakiyar Oktoban 1826 wanda bai yi nasara ba. Daga nan aka wuce Sakkwato, aka sake saukar da shi a gidan Giɗaɗo. Ya riƙa kai da komo tsakanin birnin da Magariya, ribaɗin Bello da ke kusa da fadamar Rima.

Zamani ya riga ya sauya. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya ɗaura yaƙi, rundunarsa ta doso ƙasar Kano, kuma Clapperton yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka daga gwamnatin Birtaniya zuwa gare shi, har da makamai. Ban da haka an riga an kawo wa Bello maganar cewa Baturen ɗan leƙen asiri ne, kuma Ingilishi sun ci ƙasar Indiya ne ta hanyar shigowa da ɗaiɗai da bibbiyu. Bello ya aika aka taho da Lander da kayan daga Kano ba da sanin ubangidansa ba, suka iso a ƙarshen Disamba. Sannan ya nemi a ba shi wasiƙar al-Kanemi, aka kuma karɓe makaman.

Giɗaɗo aka aika ya karɓo su, wato mai masauki ya shiga ɗakin baƙonsa ya ɗauki kayansa. Clapperton ya fusata, ya gaya masa a fuska cewa abin da suke yi fashi ne da cin amana, kuma gara su sare masa kai. Littattafan sun nuna Waziri ya yi fushi ya fita. Marubutan Ingila na lokacin sun ɗauki ɓangaren ɗan ƙasarsu, suka kira abin ha'inci. Wanda ya dubi al'amarin daga Sakkwato zai ga wuya a sami daular da za ta bar baƙo ya ratsa ƙasarta da bindigogi zuwa wajen abokin gabar da ke kan hanyar Kano. Inda kukan Clapperton yake da ƙarfi shi ne yadda aka yaudari Lander aka kawo shi, da buɗe maganar wasiƙar da ba Bello aka rubuta wa ba. Abin lura kuma, bayan wannan zagi ba a kore shi daga gidan ba, ba a kuma ɗaure shi ba. An hana shi hanyar Borno, ya ci gaba da zama baƙo. A farkon 1827 Sarkin Bauchi Yakubu ya kori rundunar al-Kanemi, amma lafiyar Clapperton ta riga ta fara lalacewa.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Wannan baƙon ya yi kusan wata shida. Ranar 12 ga Maris 1827 ciwon atini, wato gudawa mai jini, ya kwantar da shi. Lander ya bar bayanin jinyar dalla-dalla, kuma daga ciki ake ganin iyakar abin da masauki ke yi wa baƙo a lokacin. Gida yana ba da ɗaki da abinci da tsaro, amma wanki da dafa abin da majinyaci zai iya ci da kula da jikinsa aikin barorin baƙo ne. Lander shi kaɗai ya riƙa wanke tufafin ubangidansa, yana hura wuta, yana yi masa fifita, har sai da aka dawo da Pasko, wanda ya taɓa gudu da kayansu, ya karɓi girki. Zafin bazara a ɗakin ya haura digiri 40, don haka Lander ya yi masa shimfiɗa a inuwa a waje, yana ɗaukarsa ya fitar da shi da safe ya mayar da shi da yamma.

Clapperton da kansa ya ɗora laifin ciwon a kan wata rana da ya fita farauta a Magariya, ya gaji, ya kwanta a ƙasa mai laima. Haka likitocin Turai na zamaninsa suke tunani, cewa danshi da mugun iska ke kawo irin waɗannan cututtuka. Sai a ƙarshen ƙarnin aka gano cewa atini ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi, masu shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma a 1897 masanin Japan Kiyoshi Shiga ya ware ɗaya daga cikinsu. Saboda haka baƙon da ya yi kuka a kan wasiƙa da bindiga da hanya bai taɓa kai kukan ruwan sha ba, mai masaukin ma ba shi da dalilin zarginsa. Mutumin da ya sha ruwan rijiyoyi da tafkuna da fadamu tun daga Badagiri, yana fama da zazzaɓi tun zuwansa na farko, ba a iya ɗora ciwonsa a kan randar gida ɗaya. Ya mutu ranar 13 ga Afrilu 1827 yana da shekara 38. Bello ya ba da izinin binne shi, ya aika bayi su haƙa kabari a wani ƙauye, kimanin mil biyar daga birnin, Lander ya karanta masa addu'ar addininsu.

Sallamar Lander

Saura baƙo ɗaya, matashi ɗan shekara 23, wanda mutane ke kira Nasara Ƙarami, suna kuma ɗaukarsa ɗan mamacin. Shi ma ya kwanta ciwo. An gaya wa Bello cewa akwatunan Turawan cike suke da zinariya da azurfa, sai ya aiko Giɗaɗo da ɗan'uwansa Malam Mudi da Sidi Shaihu su bincika. Ba su sami dukiyar da ake faɗa ba (agogunan da ke akwai Lander ya ɓoye su a jikinsa). Suka rubuta jerin kayan suka kai fada, suka dawo da umarnin karɓar bindigogi biyu, da harsashi da albarushi da ƙanƙara, da takarda, da wasu sarƙoƙi, a kan Lander ya faɗi kuɗinsu. Ya yanka wuri 245,000, aka ba shi takardar karɓar kuɗin a Kano wajen Alhaji Hat Salah, wakilin fataken Larabawa. Wannan ya bambanta da abin da ya faru a Disamba: an ƙirga, an rubuta, an yi ciniki.

Lander ya ji tsoron za a riƙe shi a Sakkwato, sai ya kai wa wani dattijon Balarabe mai faɗa a ji a wajen Bello kyauta ya roƙe shi ya sa baki. A yadda ya ba da labari, dattijon ya nuna wa Bello cewa riƙe talakan Sarkin Ingila ba adalci ba ne kuma ba dabara ba ce, domin idan yaron ya mutu a hannunsu za a bazu da cewa Sarkin Musulmi ya kashe uba da ɗa. Hujjar ta mai masauki ce tsantsa, wadda ke auna abin da za a faɗa a kan gida bayan baƙo ya tafi. An sallami Lander a farkon Mayun 1827. Ya isa Badagiri a ƙarshen shekarar, ya kai takardun ubangidansa Ingila, aka buga su a 1829. Shi ne kuma ya dawo da ƙanensa John a 1830 suka bi Kwara daga Busa har inda ta faɗa teku.

Rubuce-rubuce da ƙarshen rayuwa

Bello ya rasu a Wurno a 1837, Abubakar Atiku ya gaje shi. Giɗaɗo ya ci gaba da riƙe sarautar, amma a hankali ya janye jiki, har ɗansa Abdulƙadir, wanda Nana Asma'u ta haifa, ya karɓe ta wajen 1842. Shekarun da suka rage ya ba da su ga tattara tarihin jama'ar Shehu. Daga cikin littattafansa na Larabci akwai Raudul Jinan, a kan rayuwar Shehu Usmanu da karamominsa da mutanen da suka kewaye shi, da Alkashfu wal Bayan, a kan halayen Muhammadu Bello. Yana da son jera sunaye, na malamai da almajirai da mata da barori da limamai da ladanai, kuma wannan ɗabi'a ta sa masu binciken tarihin daular suke dogara da shi wajen sanin waɗanda manyan littattafan jihadi suka tsallake. A wannan gida ne kuma Nana Asma'u ta yi yawancin rubutunta, ta kuma tsara karantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru.

Bayan rasuwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Cikin abubuwan da ta yabe shi da su akwai kula da baƙi, da gyaran masallatai da ƙofofin gari.

Matafiyin Jamus Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Sakkwato a Afrilun 1853, ya nemi a kai shi gidan da Clapperton ya mutu. Ya tarar gidan yana nan a tsaye, ɗan Wazirin yana kula da shi saboda girman mahaifinsa, wanda Barth ya ce ya yi aiki mai yawa wajen ƙawata birnin. Shi ne ya rubuta cewa tsohon Wazirin ya rasu a watan Fabrairun 1851, lokacin da shi Barth yake kan hanyarsa a ƙasashen gabas.

Zuriya

Sarautar Waziri ta zauna a gidansa. Abdulƙadir ya riƙe ta har 1859, kuma shi ma marubuci ne. Jikansa Muhammadu Buhari shi ne Waziri lokacin da sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato a Maris 1903, kuma shi ya jagoranci waɗanda suka zauna a birnin bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas. Ɗan Buhari, Waziri Junaidu (1906–1997), ya hau sarautar a 1948, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana tarihin daular, kuma tarin rubuce-rubucen hannu da ya adana a gidansa na Giɗaɗawa, da wasiƙun da suka shiga tsakanin Sakkwato da masarautu, su ne masanin tarihi Murray Last ya yi aiki da su wajen rubuta littafinsa a kan Daular Sakkwato da ya fito a 1967.